Tallafin gidauniyoyi da na gwamnati: me ke hana ƙungiyoyin Sakkwato samu?

Idan har Sakkwato ce ke kan gaba a talauci, kamar yadda rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna, inda kusan mutum 9 cikin 10 na jihar ke fama da rashi ta fuskar lafiya, ilimi, ruwa da muhalli, me ya sa ƙungiyoyin sa-kai na unguwanni da ƙauyukanmu ke ta neman tallafi ba sa samu? Tambayar ta ƙara zafi tun 2025, lokacin da Amurka ta janye mafi yawan taimakonta, ofisoshi suka rufe, matasan da ke karɓar alawus suka koma gida. Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce sai kana da hanya, ko kuma mutanen Abuja da Legas sun kame ko'ina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tace takardun masu nema ya san yawancinsu tun a ƙofa suke faɗuwa, kafin a kai ga maganar wa ya san wa.

Wane irin kuɗi ake magana a kai?

Komai tallafi muke ce masa: buhun shinkafar azumi, kuɗin da gwamnati ke tura wa talakawa ta waya, rancen manoma, har da jarin dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu ke ba masu ƙananan sana'o'i. Waɗannan duka na ɗaiɗaikun mutane ne. Wanda ake magana a nan kuɗi ne da ake ba ƙungiya, domin wani aiki takamaimai, na wani wa'adi, bisa yarjejeniya a rubuce. Ba a biyansa, wannan ne ya raba shi da bashi. Ba a cin riba a cikinsa, wannan kuma ya raba shi da kwangila.

Sai dai rashin biya bai mayar da shi na ƙungiya ba. Ya fi kama da a aike ka cefane: an lissafa maka abin da za ka sayo, an ba ka kuɗin daidai, ka dawo da kaya da canji. In aka ba ka kuɗin gyaran rijiya, ka ga rufin masallacin unguwa na yoyo ka juya kuɗin can, niyyarka ta alheri ce, amma a wurin mai bayarwa ka karkatar da kuɗi, kuma zai iya cewa ka maido. Duk canjin da za a yi, sai an nemi izini a rubuce tukuna.

Abu na biyu da ake yawan mantawa: mai bayarwa yana da nasa burin. Gidauniyar da aka kafa don lafiyar uwa da jariri ba za ta gina maka makarantar Islamiyya ba, komai kyawun hujjarka. Tana da kwamitin amintattu da take ba bayani, ofishin jakadanci kuma yana da majalisar ƙasarsa. Tsananin buƙatarka ba ya buɗe ƙofar da ba taka ba.

Su wa ke bayarwa, kuma me ya faru a 2025?

Shekaru da dama kuɗin Amurka ne ginshiƙi a Sakkwato. Hukumar USAID, mai kula da taimakon da Amurka ke ba ƙasashen waje, ta ɗauki jihar tare da Bauchi a matsayin inda za ta fi zuba ƙarfi. Shirin lafiya na TSHIP ya yi aiki daga 2009 zuwa 2015, shi ne ya yaɗa maganin shafa wa cibiyar jarirai da na tsayar da jini bayan haihuwa har ƙauyuka. Bayansa aka yi shirin ilimi na NEI Plus da ya kawo koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare, sai IHP a fannin lafiya da State2State a fannin shugabanci. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙungiyar Sakkwato ta karɓa kai tsaye daga Washington. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin Amurka ne ke cin gasar, su kuma su yanka wa ƙungiyoyin gida ƙananan ayyuka: wayar da kai, tattara bayanai, bibiyar kasafin kuɗi. Yawancin 'yan ƙungiyar da ke cewa sun taɓa yin aikin USAID, a wannan mataki na biyu ko na uku suka yi shi.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan dokar dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris aka sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, ranar 1 ga Yuli kuma aka mayar da sauran ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Birtaniya ma ta sanar a watan Fabrairun shekarar cewa za ta rage nata taimakon daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta kafin 2027. Majalisar Tarayyar Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don rage raɗaɗi, amma wannan kuɗin hukumomin gwamnati ne, magani da allura ake saye da shi, ba ƙungiyoyi ake raba wa ba.

To su wa suka rage? Akwai hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma UNICEF na da ofishi a nan Sakkwato da ke kula da Kebbi da Zamfara ma. Suna buga neman abokan aiki a shafinsu na intanet na abokan hulɗa, wanda sai ƙungiya ta yi rajista a ciki kafin ta nema. Akwai Tarayyar Turai, wadda ita ta ɗauki nauyin shirin Spotlight na yaƙi da cin zarafin mata, wanda Sakkwato na cikin jihohin da ya yi aiki. Akwai ofisoshin jakadanci masu ƙananan asusu: na Japan ya fi son abin da ake gani da ido, irin su aji, ɗakin shan magani da ruwa, na Kanada yakan buɗe nema shekara-shekara kan batutuwan da ya zaɓa. Akwai shirin ƙananan tallafi na muhalli na GEF, asusun muhalli na duniya, da ke ƙarƙashin UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yi shekaru a baya yana bayar da har dala 50,000, kuma ya dace da jihar da ke cikin jihohi 11 da hamada ke ci wa iyaka.

Gidauniyoyin gida ma ba hali ɗaya gare su ba. Ta TY Danjuma da ACT ta Legas sukan fitar da sanarwa, ƙungiyoyi su nema, a tace. Ta Dangote da ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu sun fi yin aiki da gwamnatoci da manyan cibiyoyi; misali yarjejeniyar rigakafin yara da Gidauniyar Dangote da ta Gates suka ƙulla, da gwamnatin jiha aka yi ta. Aika wa irin waɗannan wasiƙar "muna neman taimako" ba tare da an buɗe nema ba, yawanci ɓata takarda ne.

Kuɗin gwamnati ta wata ƙofa yake fita

A nan ma akwai rashin fahimta. A Nijeriya da wuya ka ga ma'aikata ta buga gasa a fili ta ce ƙungiyoyin sa-kai su nemi kuɗi. Abin da ke isa hannun al'umma yakan bi ta kwamitocin da shirin kansa ya tsara. Shirin CSDP na Bankin Duniya shi ne misalin da aka fi sani: gari ya zauna ya zaɓi abin da ya fi buƙata, ya naɗa kwamitin gudanarwa, ya kawo nasa kason da kuɗi ko yashi ko aikin gayya, hukumar jiha ta cika sauran. Shirin NG-CARES ya gaji wannan tsari. Kuɗin gyaran makarantu na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, da na shirin AGILE na karatun 'yan mata ta hannun kwamitin kula da makaranta suke bi. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, asusun asibitin mazaɓa yake shiga, kwamitin ci gaban mazaɓa na sa ido. Jihar na da mazaɓu 244, kowace da irin wannan gurbi.

Ma'ana, ƙungiyar matasan da ke son a gyara firamaren garinsu ta fi kusa da kuɗin idan mambobinta na cikin kwamitin makarantar suna halartar zama, fiye da idan ta rubuta wa kwamishina wasiƙa. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa kuwa 'yan kwangila ake ba ta hannun hukumomi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ita ma mabuƙata take nufa kai tsaye, marayu da marasa lafiya da masu ƙaramin jari, duk da cewa ƙungiyar da ta san unguwarta za ta iya zama idonta wajen gano su.

Takardun da ake dubawa kafin a karanta komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanarwar nema takan ba da makonni kaɗan ne, takardun da take tambaya kuwa wasu sai an yi watanni ana bin su.

Rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfani, tana nuna hukuma ta san da ku, kuma wasu ƙananan shirye-shirye na karɓar ta. Amma manyan masu bayarwa ta Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi suke tambaya, ƙarƙashin sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, kundin tsarin ƙungiya, bayanin taron da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Inda ake tuntuɓe shi ne bayan an karɓi satifiket. Sai a sa shi a firam a rataye, a manta doka ta ce a riƙa kai rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Mai tacewa zai buga sunanku a shafin CAC, cikin minti ɗaya ya ga an rubuta ba kwa aiki, ya wuce na gaba. Ba zai kira ku ya tambayi dalili ba.

Sai lambar haraji. Sai takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wadda bankuna kan tambaya kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Sai asusun kansa, da sunan ƙungiya, da masu sa hannu aƙalla biyu. Ƙungiyar da kuɗinta ke shiga asusun shugaba, ko na waya na ma'aji, ta fita daga lissafi tun ba a fara ba. Wani abin da mu ba ma ɗauka da nauyi amma su suna ɗauka: amintattu su zama miji da mata da ƙanin miji. A wurinmu amana ce ta sa. A wurinsu alama ce babu mai iya ce wa shugaba a'a.

Mafi wuya ita ce takardar binciken kuɗi ta shekara biyu ko uku, wadda ƙwararren akanta mai lasisin ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na ƙasa, ya sa wa hannu. Nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke cewa: ba mu taɓa samun tallafi ba, me za a bincika? Amsar ita ce kuɗin da kuke da shi. Karo-karon mambobi, abin da aka tara ranar gidauniya, buhunan gero da wani alhaji ya bayar aka raba wa zawarawa. Ƙungiyoyinmu da yawa sun yi shekara goma suna aiki na gaske, suna kai marasa lafiya Asibitin Ƙwararru, suna yashe magudanan ruwa kafin damina, suna biya wa marayu kuɗin jarrabawa, amma ba su da ko littafi ɗaya da ya nuna nawa ya shigo nawa ya fita. Tarbiyyarmu ta ɓoye sadaka abu ne mai kyau ga mutum ɗaya. Ƙungiya kuwa dukiyar jama'a take riƙe da ita, rubutawa wajibi ne a kanta ko da babu Bature ko ɗaya da zai tambaya. A ganina littafin kuɗi na shekara biyu da aka riƙe da gaskiya ya fi furofozal, wato takardar neman tallafi, da ya fi kowane iya Turanci ƙarfi.

Ƙari a kan haka, yawancin masu bayarwa yanzu suna tambayar rubutattun ƙa'idoji: na kashe kuɗi, na sayen kaya, na kare yara da mata daga cin zarafin ma'aikatan ƙungiyar kanta. Kwafowa daga intanet ba ta da wuya. Matsalar ita ce ranar da suka zo ofis duba ku, za su ɗauki rasit ɗaya su ce a nuna musu yadda aka bi ƙa'idar.

Yadda mai tacewa ke karanta takardarku

A ɗauka wata ƙungiya ce a Gwadabawa, ta ga sanarwar tallafin ruwan sha. Rubutun farko da aka saba gani yakan fara da tarihin Daular Usmaniyya, ya gangaro kan talaucin Arewa, ya ce burin ƙungiya shi ne kawar da talauci, tallafa wa mata, samar wa matasa aiki, yaƙi da shaye-shaye da inganta ilimi, sannan ya nemi naira miliyan 50 a layi ɗaya. Mai karatu na da tarin irinsa a gabansa da takardar maki a gefe. Babu gurbin da zai sa wa wannan maki.

Ga yadda ƙungiyar za ta iya cewa, a matsayin misali kawai. Mun zaga ƙauyuka 8 na mazaɓarmu mun ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa 14, guda 9 ba sa aiki. Mun ɗauki hoton kowane da inda yake. Makanike ya duba, ya ce 7 na gyaruwa, 2 sun rufta. 'Yan mata ne ke ɗebo ruwa a fadama, shi ya sa suke makara a makaranta, ga rajistar aji ta nuna. Cikin wata 6 za mu gyara 7 ɗin, mu koya wa matasa 4 gyara, mu kafa kwamitin ruwa a kowane ƙauye da zai riƙa karɓar ɗan abin da gari ya amince a kan kowace jarka, don sayen roba da bututu in sun lalace. Ga wasiƙar hakimi, ga ta sashen ayyuka na ƙaramar hukuma.

Wannan ya amsa abin da takardar maki ke tambaya: mece ce matsalar, wa ya ƙirga ta, me za a yi, wa zai amfana, ta yaya za a gane an yi, wa zai riƙe abin bayan kuɗi ya ƙare. Tambayar ƙarshen nan ita ce mai kayar da mutane. Duk wanda ya bi hanyar Illela ko ta Wurno ya ga tankunan ruwa masu allon sunan shirin da ya gina su, rana ta cinye rubutun, famfo a bushe. Masu bayarwa ma sun gani.

Kasafin kuɗi kuma shi ne inda ake gane wanda ya san aikin. Kowane layi ya nuna abu nawa, sau nawa, a kan nawa: bututu kaza a farashi kaza, ladan makanike na kwana kaza, man babur na zagaye kaza. Kumbura farashi ana gane shi, don suna da na wasu jihohi a hannu. Rage shi don a burge su kuma kai zai cuta, musamman ga wanda ya ga yadda farashi ya yi tsalle bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni. Ƙungiyoyin da suka sa hannu a kan kasafi da naira kafin lokacin, da aljihunsu suka cike giɓi ko suka rage aiki. Kuma a nemi kuɗin gudanarwa a fili, hayar ofis da data da albashin akanta, in sanarwar ta yarda. Wanda ya ɓoye su, ƙarshenta cikin kuɗin aiki zai yanko, daga nan ƙaryar rasit ke farawa.

Game da masu rubuta wa mutane furofozal a biya su: neman taimakon wanda ya iya Turanci ba laifi ba ne, jami'ar Ɗanfodiyo cike take da su. Amma a ba shi bayanan da aka tattara da ƙafa, ya gyara harshe. Wanda ke da takarda ɗaya yana canza sunan gari yana sayar wa ƙungiyoyi biyar, duka biyar ɗin yake kayarwa, don teburi ɗaya za su haɗu. Yarjejeniyar "in an samu ka ba ni kashi 10" kuma ba ta da layi a kasafi. Biyan ta na nufin a ƙirƙiri kashe kuɗin da ba a yi ba.

Bayan kuɗi ya shigo

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuɗin ba ya zuwa gaba ɗaya, kashi-kashi ake sakinsa, kuma ba a sakin na biyu sai an yi bayanin na farko da rahoton aiki da na kuɗi. Sayayya in ta kai wani adadi sai an kawo farashin 'yan kasuwa uku. Taro sai da takardar halarta mai sa hannu. A ƙauye mai kabu-kabu da mai sayar da yashi ba su da rasit, sai a tanadi takardar biya da za su dangwala, da suna da lambar waya. Haraji ma yana nan: ƙungiyar sa-kai ba ta biyan harajin riba a kan tallafi, amma wajibi ne ta cire na albashin ma'aikatanta ta kai hukumar haraji ta jiha, ta kuma cire wanda ake riƙewa daga kuɗin 'yan kwangila.

Ga kuma rigimar cikin gida, wadda ba a rubuta ta a kowace yarjejeniya. Ranar da aka ji alat ya shigo, mambobin da suka shekara ba su zo taro ba za su bayyana, kowa da rabon da yake jira. Shugaban da bai karanta wa mambobi yarjejeniyar da kasafin da Hausa tun farko ba, shi za a kira ɓarawo ko da bai taɓa sisi ba.

Ƙorafin kowane ɓangare

'Yan ƙungiyoyin gida na cewa: mu ke shiga Isa da Sabon Birni da Tangaza inda ma'aikatan manyan ƙungiyoyi ba sa kwana, mu ke ɗaukar kasada, su ke riƙe da kaso mai tsoka, motoci da albashi. Suna da hujja. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu bayarwa sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020, kuma ba a cika ba. Sannan tsarin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya daɗe yana fuskantar Borno, Adamawa da Yobe, alhali gabashin Sakkwato na da nasa 'yan gudun hijirar da yara masu tamowa. Ga sharuɗɗan da ba su san ƙasa ba: a ce komai ta banki za a biya, rahoto ta intanet, a jihar da aka taɓa katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 a 2021 saboda tsaro.

Masu bayarwa su kuma na cewa: kuɗin harajin mutanenmu ne, in ya ɓace ko ya faɗa hannun 'yan bindiga mu za a tuhuma. Sun ga ƙungiyoyin jaka, waɗanda ofishinsu ke cikin jakar shugaba, masu canza manufa da kowace sanarwa, bana ilimi, baɗi sauyin yanayi. Sun ga takardar halarta mai suna 40 da rubutun hannu ɗaya. Kuma tace ƙungiya ɗaya mai karɓar miliyan 500 ya fi musu sauƙi da arha a kan tace 50 masu karɓar miliyan 10.

Sai ɓangare na uku, malamai da iyayen ƙasa da ke tambayar me ke bayan kuɗin. Tambaya ce halastacciya, kuma amsarta tana cikin yarjejeniya. A karanta ta kafin a sa hannu. In akwai sharaɗin da ya saɓa wa addini ko al'adar gari, a bar kuɗin. Ƙungiya na da 'yancin ƙin nema. Abin da bai dace ba shi ne a karɓa a Abuja da fuska ɗaya, a dawo gida a faɗi wani abu daban.

Masu sayar da fom

Ƙarancin kuɗin gaskiya ya buɗe wa na ƙarya kasuwa. Salon sananne ne: saƙo a WhatsApp cewa wata gidauniya ta duniya ta ware biliyoyi, an kusa fara rabo, kowace ƙungiya ta tara sunayen mutum 1,000 da lambobin asusunsu da BVN, kowa ya biya kuɗin fom. Wata ya wuce, a ce Babban Banki ne ya riƙe, a ƙara kawo na tantancewa. Shekara ta zagayo ana cewa mako mai zuwa. Mafi ciwo shi ne yawancin masu tattara sunayen su ma yaudarar su aka yi, mutanen kirki ne da suka sa mutuncinsu a unguwa, su ake bi bashi yanzu.

Mai bayarwa na gaskiya ba ya karɓar kuɗin nema. Rajista a shafin Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta ce, lambar da gwamnatin Amurka ke ba masu neman tallafinta ma kyauta ce. Ba ya raba wa mambobi kuɗi a asusunsu don kawai sun ba da suna, ba ya tambayar lambar sirrin kati, kuma sanarwarsa tana shafinsa na ainihi da ranar rufewa da sharuɗɗa.

Abin da talaka zai gani a ƙasa

Na farko, gasa za ta yi tsanani, domin manyan ƙungiyoyin da a da ba sa kallon tallafin dala 20,000 yanzu sun sauko suna nema, da ma'aikatan da suka ƙware. Ƙungiyoyin da aka kafa don wani shiri ɗaya za su mutu da shi. Waɗanda ke da karo-karon mambobi da masu hannu da shuni na gari a bayansu za su rage gudu amma ba za su tsaya ba, kuma su ne masu bayarwa ke ƙara so, don yanzu ana yawan tambayar me kuka kawo naku. Hanyar da ta fi buɗuwa ga ƙaramar ƙungiya ita ce ta shiga ƙarƙashin babba a matsayin abokiyar aiki, ko uku su haɗu su nema tare, ɗaya mai takardu ta riƙe asusu, a rubuta rabon aiki da na kuɗi tun kafin a aika.

Na biyu, ayyukan da ba a ganin su da ido su ne ke fara tsayawa: matar da ke bin gida-gida tana auna damtsen yara don gano masu tamowa, mai rakiyar mai naƙuda zuwa asibiti, malamin ajin yamma na yaran da ba sa boko. Gini yana nan ko da shiri ya tafi, alawus ɗin waɗannan kuwa ranar da aka rufe asusu yake yankewa.

Shi ya sa mai unguwa ko limamin da wata ƙungiya ta zo masa da aiki yake da haƙƙin ya tambaya a gaban jama'a: wa ya ba da kuɗin, nawa ne, me aka ce za a yi da shi, wane wata zai ƙare, kuma wa zai sayi roba in famfon ya lalace bayan an tafi. Ƙungiyar da ta sami tallafin ta hanyar da ta dace tana da amsoshin a rubuce, domin sai da ta ba mai kuɗin su kafin ya saki kashin farko.